Gudun Laftof da Juriyar Saba

Akwai wani abin mamaki da kusan duk mai rubuta manhaja yake cin karo da shi, ko ba jima ko ba daɗe. Zai rubuta 'yar manhajarsa a laftof, wadda za ta tattara sakamakon ɗalibai ko ta tace bayanan wani bincike, ya gwada ya ga tana aiki lami lafiya, sai dai tana ɗan cin lokaci. Sai ya ce bari ya ɗora ta a kan babbar sabar ofis, wadda aka saya da maƙudan kuɗi, aka ware mata ɗaki guda da na'urar sanyaya iska, ai can kafin ƙiftawar ido an gama. Ya ɗora, ya zauna jira. Da aikin ya ƙare ya dubi agogo, sai ya tarar sabar ta fi laftof ɗinsa jinkiri. Daga nan zargi ke farawa. Wani ya ce an cuci ofis, jabu aka kawo. Wani ya ce wanda ya haɗa ta ne bai san aikinsa ba. Galibi kuwa babu wanda ya cuci kowa, na'urar ta yi daidai abin da aka ƙera ta dominsa.

Mu ɗauki furosesa biyu na zamani ɗaya mu jera su. Na farko Core i7-1355U na kamfanin Intel, wanda ya fito a 2023, yana cikin laftof masu yawa na ofis. Ƙwayoyin aiki goma ke cikinsa, biyu manya takwas ƙanana, kuma babbar ƙwayar tana iya kaiwa gigahaz 5, wato bugu biliyan biyar a daƙiƙa. Wutar da aka tsara zai riƙa sha a aiki mai ɗorewa wat 15 ce. Na biyu EPYC 9654 na kamfanin AMD, wanda ya fito a Nuwamban 2022, an yi shi ne don saba. Ƙwayoyinsa 96, wutarsa wat 360, kuɗinsa a lokacin ya haura dala 11,000, shi kaɗai, ba a maganar sauran kayan da ke kewaye da shi. To amma gudunsa na yau da kullum gigahaz 2.4 ne, iyakar ƙoƙarinsa kuma 3.7. Wanda ya tsaya a kan waɗannan lambobi na ƙarshe zai ce na laftof ya fi, kuma a aikin da ƙwaya ɗaya ce ke yinsa, sau da yawa bai yi ƙarya ba.

Dalilin yana cikin rabon wuta. Raba wat 360 gida 96, za ka ga kowace ƙwaya ba ta samu wat 4 cikakku ba, alhali ma wani kaso na wutar yana tafiya ne wajen hanyoyin da ke haɗa ƙwayoyin da ram, wato ma'ajiyar bayanan da ake aiki da su, da sauran kaya. A laftof kuwa, in aiki ɗaya ne a gabanta, sai a kwantar da sauran ƙwayoyin, a tattara wutar a ba guda ɗaya, ta sha ninkin ba ninkin abin da 'yar'uwarta ta saba ke samu. Gudu kuma yana da tsada. Don a ƙara wa ƙwaya bugu sai an ƙara mata matsin lantarki, wutar da take ci kuwa tana hauhawa ne da matsin sau kansa. Shi ya sa ɗan ƙarin gudu na ƙarshe, daga gigahaz 4 zuwa 5, yake cin wuta fiye da kima. Mai ƙera furosesan saba ya san wannan sarai. Da gangan ya hana kowace ƙwaya ƙure gudunta, domin dukkansu su samu abin da za su yi aiki da shi a lokaci guda.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyara ya ga an buɗe bayan laftof ya ga iyakar abin da take iyawa. Furosesan bai wuce faɗin ɗan yatsa biyu ba. A kansa wani siririn bututun jan ƙarfe ne a kwance, ya miƙe zuwa wata 'yar fanka da ba ta kai murfin kwalbar zuma ba, a bakinta kuma jerin siraran ƙarafa kamar haƙoran mataji, inda iska ke fita. In laftof ɗin ta ci hunturu biyu ko uku a Kano ko Damagaram, mai gyara zai sa tsinke ya zaro wani dunƙulen ƙura da ya toshe haƙoran nan, man da ke tsakanin furosesa da bututun kuma ya bushe ya zama gari. Duk zafin da ake samu ta wannan 'yar hanya zai fita. Tun 2008 Intel ya shigo da dabarar da ya kira Turbo Boost, wadda ke barin furosesa ya wuce gudunsa na asali muddin bai yi zafi ba. Shi wancan mai wat 15 ana barinsa ya zuƙi har wat 55 na ɗan lokaci, galibi ƙasa da minti guda. Daga nan jan ƙarfen ya ƙoshi da zafi, fanka ta fara kuka, in zafin ya doshi digiri 100 sai furosesan ya ja wa kansa birki don kada ya ƙone. A nan ne mai ita ke cewa, "Ɗazu fa gudu take, yanzu kuma ta fara maƙalewa."

Ba aibi ba ne wannan, hikima ce. Aikin mutum ɗaya da kwamfuta a gutsure yake zuwa. Ka danna, shafi ya buɗe, ka tsaya karantawa. Ka buga layi biyu, ka tsaya tunani. A tsakanin dannawa da dannawa furosesan barci yake, yana hucewa, batir yana hutawa. Abin da kake so shi ne in ka kira ya amsa nan take, kuma an ba ka. Dokin hawan Daushe ke nan: ya taso a sukwane daga nesa, ƙura ta turnuƙe, ya ci birki a gaban Sarki, jama'a su ɗauki sowa, sannan a ja shi gefe yana kumfa yana haki. Babu mai hankalin da zai ɗora masa kantun gishiri ya ce ya bi ayarin raƙuma daga Bilma zuwa Agadas. Haka kuma babu raƙumin ayarin da zai kamo ƙurarsa a filin sukuwa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne yadda muke aunawa. Manhajojin gwaji da aka fi sani, irin su Geekbench, suna jefa wa na'ura gajerun ayyuka ne, kowanne na ɗan taƙaitaccen lokaci, cikin 'yan mintuna an gama an fitar da maki. Laftof mai sanyi, wadda aka buɗe yanzu, za ta cinye irin wannan gwaji tun kafin zafi ya kama ta. Makin gaskiya ne, babu algus a ciki, amma gaskiyar minti biyar na farko ce. Bai faɗa maka abin da zai faru a awa ta uku ba, balle a wata na bakwai. Kuma da wannan ido muke auna mutane. Wanda ya iya amsa tambaya tsaye a zaman tantance ma'aikata, ko ya burge a makon farko, shi ke kwashe yabo. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya dare da rana, ko akawun da shekara goma ba a taɓa kama kuskure a littafinsa ba, in ka tsaya a gabansu kai kaɗai da buƙatarka sai ka ga kamar suna jan ƙafa. Ba kai kaɗai ke gabansu ba, kuma aikin nasu ba na yau kaɗai ba ne. Juriya da riƙon amana ba sa fitowa a gajeren gwaji, don haka wanda bai da sikeli sai gajeren gwaji zai yi ta raina su, bai ma san ya raina ba.

Je ka ɗakin saba ka ga bambancin da idonka. Tun daga ƙofa ƙara ce za ta tare ka, kamar jirgi zai tashi. Kowace na'ura kwance take a cikin dogon kabad na ƙarfe mai faɗin inci 19, wasu kaurinsu bai kai inci biyu ba, a jawo su kamar aljihun tebur. A ciki jerin fankoki ne kafaɗa da kafaɗa, suna zuƙo iska mai sanyi ta gaba, su tura ta kan furosesa, ta fita ta baya da zafi. Wurin shigar wuta biyu ne, in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe, a zare mataccen a sa sabo ba tare da an kashe na'urar ba. Faya-fayan ajiya ma haka ake canza su tana cikin aiki. Gefe da gefen furosesan kuma layuka ne na sandunan ram a tsaitsaye. Komai a nan an tsara shi ne a kan cewa ba za a huta ba, kuma wani abu zai lalace wata rana, amma aiki ba zai tsaya ba.

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar JAMB tun daga 2015, lokacin da aka koma yin ta da kwamfuta gaba ɗaya, ya ɗanɗana amfanin wannan ko bai sani ba. Ɗalibai kusan 250 ne a zaure guda, kowa da kwamfutarsa, dukkansu suna karɓar tambayoyi suna mayar da amsa ga sabar cibiyar. Babu buƙata ɗaya mai nauyi a cikinsu. Adana amsa guda ba wani aiki ba ne. Nauyin yana cikin zuwansu a tare, da kuma cewa ba a yarda ko ɗaya ta salwanta ba. Haka abin yake a banki ranar biyan albashi. A irin wannan wuri ba a tambayar daƙiƙa nawa mutum ɗaya ya jira in shi kaɗai ne a layi. Ana tambayar mutum nawa aka sallama a minti, kuma na ƙarshen layi ya jira har yaushe. A nan ne hannu da yawa ke zama maganin ƙazamar miya.

Hannuwan kuma sai da abin da za su taɓa. Furosesa ba ya aiki sai an kawo masa bayanai daga ram, kuma hanyoyin da ke tsakaninsu suna da iyaka. Laftof galibi hanya biyu gare ta, suna ɗaukar abin da bai wuce gigabait 80 zuwa 100 a daƙiƙa ba. EPYC ɗin can yana da hanya 12, suna ɗaukar kusan gigabait 460, kuma yana iya riƙe ram na terabait da dama, inda laftof ɗin ofis ke da gigabait 8 ko 16. Sai dai faɗin hanya bai rage nisanta ba. A saba, tafiyar buƙata guda daga ƙwaya zuwa ram ta dawo takan fi ta laftof tsawo, in kuwa furosesa biyu ne a na'urar, bayanan kuma suna ɓangaren ɗayan, sai an ƙetara. Wannan ma yana cikin abin da ke sa ƙaramar manhajar mutum ɗaya ta ji kamar an ɗaure mata ƙafa a can.

Sai kuma abin da ni a ganina ya fi komai daraja, wanda babu makin gwajin da ke nuna shi. Ram takan yi kuskure. Sifili ya juye ya zama ɗaya, saboda tsufan kaya ko lahani a ƙira ko wani burbushin haske da ya ratso daga sararin sama. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto, tare da injiniyoyin Google biyu, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber, sun fitar da binciken da suka yi a kan sabobin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna samun kuskure a shekara, kuma kusan na'ura ɗaya cikin uku tana gamuwa da shi aƙalla sau ɗaya. Maganin ya girmi matsalar a wannan siffa. Richard Hamming, masanin lissafi a Bell Labs ta Amurka, ya gaji da barin aiki a na'ura ranar Juma'a, ya dawo Litinin ya tarar ta ci karo da kuskure ta watsar da aikin. Ya yi tunanin cewa na'urar da ta iya gane an yi kuskure ya kamata ta iya gano inda yake ta gyara. A 1950 ya wallafa hanyar yin haka. Ram ɗin saba, wadda ake kira ECC, a kan wannan tushe take: a tsarin da aka daɗe ana bi, kowane bit 64 ana raka shi da ƙarin 8 masu sa ido, in guda ya juye a gyara shi nan take, in biyu ne a gane a kai rahoto. Yawancin laftof ba su da wannan kariya. In kuskure ya faru kana kallon fim, ɗigo ɗaya zai canza launi, ba za ka ma lura ba. In ya faru a lissafin asusun wani ko makin jarrabawar ɗan wani, magana ta canza.

Duk da haka bai kamata a ɗauka cewa babba ce maganin kowane jinkiri ba, domin wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farkon cin kuɗi. A 1967 Gene Amdahl, wanda yana cikin waɗanda suka tsara manyan kwamfutocin IBM, ya ja hankali ga wani lissafi mai sauƙi. Kowane aiki yana da ɓangaren da za a iya rarrabawa, da ɓangaren da dole a bi shi daki-daki, don mataki na biyu yana jiran sakamakon na farko. A ce kashi ɗaya cikin goma ne kawai ba ya rabuwa. Da ƙwaya 8, aikin zai yi sauri kusan ninki 4.7. Da ƙwaya 96, ninki 9 da ɗan ɗoriya. Ka ninka ƙwayoyi sau goma sha biyu, saurin bai ko ninka sau biyu ba, kuma ko ƙwaya dubu ka zuba ba zai wuce ninki 10 ba. Manhajar mutuminmu na farkon magana ta fi wannan ma tsanani. In da harshen Python ya rubuta ta yadda aka saba, ƙwaya ɗaya take hawa, sauran 95 suna zaune suna kallo. Waɗanda ke hayar saba ta intanet kuma su san cewa abin da ake sayar musu da sunan furosesa guda sau da yawa rabin ƙwaya ne, ana tarayya da wani. Kafin a kashe kuɗi a kan na'ura, sai a fara duba aikin: yana rabuwa ko ba ya rabuwa?

Kamfanonin da kansu sai da suka sha wuya kafin su koyi wannan. Intel ya fitar da Pentium 4 a ƙarshen 2000 da burin kai shi gigahaz 10, domin a lokacin lambar gudu ce ke sayar da kwamfuta. Zafi ya tare hanya. A 2004 kamfanin ya soke wanda zai gaje shi, ya kuma fasa fitar da mai gigahaz 4, a 3.8 tafiyar ta tsaya. Ana cikin haka, wasu injiniyoyinsa a birnin Haifa sun riga sun ƙera Pentium M don laftof, wanda ya fito a 2003. Mai gigahaz 1.6 a cikinsu yana gogayya da Pentium 4 da ya haura gigahaz 2 nesa ba kusa ba, da wuta kaɗan, saboda yana gama aiki mai yawa a kowane bugu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Daga zuriyarsa aka samo ƙirar Core, wadda a 2006 ta shiga kwamfutocin tebur, ta shiga Xeon na saba. Wato tsimin wuta da batir ya tilasta wa laftof shi ne ya ceci ɗakin saba. Abin ya sake faruwa da ƙirar ARM, wadda ta yi suna a wayoyin hannu: a 2018 Amazon ya fara sa ta a sabobinsa da sunan Graviton, a 2020 Apple ya sa ta a laftof da sunan M1, a shekarar kuma Fugaku ta Japan, wadda ke amfani da ita, ta zama kwamfutar da ta fi kowace ƙarfi a duniya. Yau ƙwayar da ke laftof da wadda ke saba sau da yawa 'yan gida ɗaya ne. Yawansu, da wutar da aka raba musu, da kayan da aka kewaye su da su, nan ne suka rabu.

Wannan yana da amfani ga mai shiga kasuwar kwamfutoci na hannu. Za a nuna maka tsohuwar saba a ce, "Alhaji, wannan Xeon ce fa, ba irin ƙananan nan ba ce." Tambayi shekararta. Xeon E5-2670, alal misali, na 2012 ne, ƙwaya 8, gigahaz 2.6, wat 115. A zamaninsa gwarzo ne, amma matsakaiciyar laftof ta yau za ta wuce shi a aikin ƙwaya ɗaya da tazara mai yawa, ta kuma yi kafaɗa da shi ko ta wuce shi a aikin tarayya. Ga cin wuta ko tana zaune ba ta komai, wanda mai janareta ko sola zai ji a aljihunsa kowane wata. Ƙaramin asibiti ko makarantar da mutum goma ne ke shiga manhajarta zai iya wadatuwa da ƙaramar kwamfuta ta zamani, muddin ana kwafe bayanan zuwa wani wuri kullum ba fashi. Inda ɗaruruwa ke shiga a tare, ko inda kuskuren lamba ɗaya zai taɓa haƙƙin wani, a nan kuɗin saba da ram mai gyara kanta ya halatta.

In kuma gwaji za a yi, a yi shi da ainihin aikin da za a ɗora wa na'urar, ba da manhajar maki kaɗai ba. A bar shi ya yi rabin awa ko fiye, a ɗakin da za ta zauna, da rana, a riƙa duba gudun furosesa da zafinsa daga farko har ƙarshe. A gwada da mutum ɗaya, a rubuta lokacin. Sannan a sa mutum hamsin su shiga a tare, ko a kwaikwayi shigarsu da manhaja, a rubuta lokacin da na ƙarshensu ya samu amsa.